Yadda Na Zama Sule Inabi

Sunan da aka raɗa mini Sulaimanu ne, amma duk wanda ya tashi a layinmu na Bukuru da Sule Inabi ya san ni. Na san kun sha faɗa a kan wannan suna, musamman kai Habibu, da ka taɓa dawowa daga makaranta da fasasshen leɓe ka ce mini tuntuɓe ka yi. Na san ba tuntuɓe ba ne. Wani yaro ne ya ce maka ubanka ya je ƙasa mai tsarki yana dafa wa Turawa giya, kuma ba shi ya ƙirƙiri maganar ba, a bakin manya ya tsince ta. Na yi shekaru ban ce muku komai ba, rabi don kunya, rabi don taurin kai, wanda kun san ba a bar ni a baya ba. Yanzu gwiwa ta zaunar da ni, ido ma ya fara yi mini gardama, gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya riƙe biro. Ba zan wanke kaina tas ba, domin ina da nawa laifin a ciki.

Kakanku kuku ne a gidajen Turawan kuza, a gindin murhunsa na koyi aikin. Dokokinsa biyu ne: hannunsa ba ya taɓa naman alade, ba ya taɓa kwalbar giya, Baturen da bai yarda ba ya nemi wani. Da wannan sharaɗin ni ma na shiga gidan wani injiniya da muke kira Dogo, shi da matarsa da kowa ke ce wa Madam, na yi shekara goma sha ɗaya da su a Jos. Giyarsu tana kabad ɗin falo cikin kwalabe masu dogon wuya da kowa ya san ko mene ne, kuma ba a taɓa cewa in miƙo ko ɗaya ba. Madam ta iya Hausa daidai gwargwado, irin wadda ake koya a kasuwa da kicin. Ita ce ta ɗauki mahaifiyarku a mota ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ranar da haihuwar Habibu ta zo da gardama, ta tsaya a ƙofar ɗakin asibiti da jiƙaƙƙen kaya har aka ce mata an sauka lafiya. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ya shigo.

Da aikin kuza ya yi sanyi, Dogo ya samu aiki a wata masana'antar bututu a Riyad, can Birnin Masana'antu na Biyu, ya ce in bi su. Kamfanin ne ya zama kafil ɗina, wato shi ya tsaya mini aka ba ni iƙama, takardar zama a ƙasar. Mahaifiyarku ta yi guɗa ranar da biza ta fito, ta ce mijinta zai dafa abinci kusa da Ka'aba. Ban gaya mata tsakanin Riyad da Makka akwai tafiya mai nisa ba. Aka ba su gida cikin gidajen kamfani, katanga kewaye, mai gadi a ƙofa, ni kuma aka ba ni ɗaki a bayan kicin. A shekarar farko na sauke farali. A ta biyu na saki jiki. A raina na ce ƙasar da ko a kanti ba a sayar da giya, wanda aka kama da ita kuma ya sha bulala, ai dokar Baba ta biyu ta samu hutu. Na lura dai Turawan gidajen nan suna son ruwan inabi na kanti, wanda ba ya bugarwa, fiye da kima, katan-katan ake sauke musu, tare da buhunan sukari. Ni da wautata har yaba musu nake, ina cewa ga mutane sun shigo ƙasar Musulmi sun shiryu.

Hutuna Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci mukan taru a unguwar Al-Naseem, a ɗakin Alhaji Mamman, wani dattijo Basakkwace da ya fi shekara ashirin yana tuƙa wani attajiri. Kowa ya zo da abin da ya samu, a baje tabarma, a ci, a yi hirar gida. Alhaji Mamman shi ne ubanmu a can. Shi ke sasanta masu faɗa, shi ke raka sabon zuwa ofishin iƙama, kuma ba a taɓa ganin mai tsantseni a kan abin da zai sa a baki kamarsa ba. Ba ya cin naman gwangwani, biskit ma sai an karanta masa abin da aka rubuta a jikin kwalin. Yakan ce bai da gida, bai da gona, abin da zai je wa Allah da shi kawai cikin da haram bai taɓa shiga ba. Amma abin da na kawo ba ya tambaya. Kukun Nasara yake kirana don tsokana, ya ce ɗan Baba Kuku ba zai ba shi abin da zai cuce shi ba.

A shekarata ta uku, cikin sanyi, mahaifiyar Madam ta rasu a ƙasarsu. Kafin a buga mata bizar fita har an binne tsohuwar. Daga nan ta canja, ta daina shigowa kicin tana yi mini surutu, sai dai ta zauna a falo ta ƙura wa labule ido. Da zafi ya fara shigowa sai ga ta wata Laraba da ɗan kati da ya tsufa, rubutun mahaifiyarta a kai. Ta ce gobe Alhamis ranar haihuwar marigayiyar ce, za ta kira baƙi shida, kuma tana so in yi musu jeli, wani abin zaƙi mai daskarewa da tsohuwar ke yi mata tana yarinya. Na ji daɗi har raina, don rabon da in ga tana son wani abu an daɗe. Direba ya kai ni kasuwar Dira, na zaɓo farawla, jajayen 'ya'yan itacen nan da ake nomawa a wajen Vom amma can sai jirgi ya kawo, da kuma tut, wasu ƙanana baƙaƙe daga duwatsun Ɗa'if masu ɓata yatsa kamar ɗinya.

Da safiyar Alhamis ta ajiye mini kwalabe biyu na ruwan inabi, sababbi daga kanti, ta karanta mini katin da Hausa. A jiƙa garin jelatin, wanda ke sa shi daskarewa, a ruwan sanyi. A ɗumama kofi ɗaya na ruwan inabin da sukari da kirfa da ɓawon lemo, kada a bari ya tafasa. A narkar da jelatin a ciki, a zuba sauran ruwan inabin da sanyinsa, a tace da farin ƙyalle. Sai a zuba kaɗan a kofunan gilas a sa a firiji, in ya fara kamawa a jera 'ya'yan itacen a ƙara wani a kai, don su tsaya a tsakiya kada su taso sama. Aikin haƙuri ne, irin wanda nake so. To akwai al'adar da na gada wajen Baba, duk abin da kuku ya dafa yana da rabonsa, Madam ma ta sani, kuma rabona Al-Naseem yake tafiya. Na duba na ga kwalba biyu ba za ta kai ba. Ban tambayi kowa ba na zagaya siton baya, kusa da injin wanki, inda na saba ganin katan-katan a jere, na ɗauko biyu. Kwalba iri ɗaya, takarda iri ɗaya, hoton inabi da rubutun Larabci, marfi mai waya. Da na ɓalle marfin sai ta yi ɗan huci, wani wari ya bugi hancina kamar na ƙullun koko da ya kwana biyu.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye muku ba. Hancina ya gaya mini gaskiya, na ƙaryata shi. Na ce zafin sito ne ya ɗan juya shi, sukari da kirfa za su gyara. Kuku na gari yana ɗanɗanawa, amma ranar ina azumin Alhamis, don haka ko ɗigo bai hau harshena ba. Ina cikin zubawa Madam ta shigo.

"Sule, wannan kwalba daga ina?"

"Daga siton baya, Madam. Biyun ba za su isa ba."

Ta dubi kwalbar, ta dubi tukunyar da na riga na juye a ciki, ta dube ni.

"To," ta ce, ta fita.

Jelin ya yi kyau, in faɗi gaskiya ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau a ido ba. Ja ne mai duhu, haske na ratsa shi, farawla da tut a tsaye a tsakiya. Da magariba na sha ruwa da dabino a tsaye ina juya nama, ban bi ta kan babban kwanon rabona da na rufe a ƙasan firiji ba. Baƙin suka ci suna shewa, na ji Dogo yana dariyar da na daɗe ban ji ba. Washegari motar kamfani ta fita da wuri, na sa kwanon a kula, na cika da ƙanƙara, na tafi kafin mutanen gidan su tashi.

Da aka gama tuwo a ɗakin Alhaji Mamman na buɗe kular. Isiyaku, wani direban tifa ɗan unguwarmu ta Bukuru mai saurin baki, ya leƙa ya ce, "Wannan abinci ne ko madubi?" Alhaji ya ɗan girgiza kwanon ya ce yana rawa kamar tumbin maigidansa, aka kwashe da dariya. Na raba, na fara da shi kamar kullum. Ya sa cokali ɗaya a baki ya lumshe ido.

"Kukun Nasara, Allah ya yi maka albarka. Ƙara mini."

Na ƙara masa. Kuku shi ke ci a ƙarshe, kuma ranar ƙarshen bai iso kaina ba, don ɗan abin da ya rage na ajiye wa Likita Usman, wanda yakan makara saboda aikin asibiti. Da ya zo na miƙa masa. Ya kai cokali kusa da baki ya tsaya, ya shinshina, ya ajiye. Ya ce in zo in nuna masa inda famfo yake, alhali ya fi ni sanin gidan. Muna fita ya kama hannuna.

"Sule, da me ka haɗa wannan?"

"Ruwan inabi ne, Likita."

"Ruwan inabin da aka zuba wa sukari da yis aka rufe shi kwana arba'in. Haka Turawan nan ke yi, su mayar cikin kwalbarsa. Na yi shekara shida a ƙasarsu, ban taɓa sha ba, amma warin ba ya ɓace mini. Ka tafasa shi?"

"An ce kada ya tafasa."

Ya ce, "To ka ji. Wanda ya ci bai sani ba, Allah ba ya kama shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka koma ka wanke kwanonka, shi ke nan."

Shawara ce ta mai hankali, kuma da na bi ta da ba ku taɓa jin sunan Sule Inabi ba. Amma da na koma na tarar Alhaji Mamman yana share kwanonsa da yatsa yana sa mini albarka, sai na ji ba zan iya zuwa Juma'a mai zuwa in zauna a tabarmar nan in dubi idonsa ba. Na durƙusa a gabansa na faɗa, a gaban kowa, yadda abin yake. Dattijon ya miƙe a hankali ya shiga banɗaki, muna jin yana sa yatsa a maƙogwaro yana kakari. Mutum mai shekara sittin da wani abu. Na gwammace a ɗaure ni a yi mini bulala da in ji wannan sautin.

Isiyaku ne ya fara tashi.

"Yalla, tashi mu je wajen shurɗa. Ka nuna musu gidan, ka nuna musu siton."

Likita ya ce ya bi a hankali, in aka je wajen 'yan sandan za a ɗaure Baturen, a yi masa bulala, a kore shi da matarsa, kuma Sule da ya haɗa ya raba ba lallai ya tsira ba. Isiyaku ya ce wannan ba damuwarsa ba ce, an ci amanar Musulmi. Shi kansa ba zai iya zuwa shi kaɗai ba, iƙamarsa ba ta son ganin ɗan sanda, don haka duk ido ya dawo kaina. Ba zan ce muku ban ji tsoron kurkuku ba, na ji. Amma abin da ya tsaya mini a ido shi ne mace da jiƙaƙƙen kaya a ƙofar ɗakin haihuwa. Na ce ni na ɗauko kwalbar da hannuna ba wanda ya aike ni, kuma ba zan kai kowa ba.

"Ashe da saninka," in ji Isiyaku. "Ka zaɓi Nasara a kan 'yan'uwanka."

Alhaji Mamman ya fito fuskarsa a jiƙe, bai dube ni ba. Ya ce kowa ya tafi, yana so ya yi salla.

Da na koma na tarar da Madam a kicin, zaune a kan kujerata, firiji a buɗe. Na ajiye kwanon da ba komai a ciki a gabanta.

"Kin gani jiya, Madam."

"Na gani."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na ji tsoro, Sule. In ka sani, ban san abin da za ka yi ba. Na ce da safe zan zubar da naka in ce ya lalace. Na sauko, ka tafi."

Ta fashe da kuka. Na yi fushi da ita, fushi mai tsanani, shekara goma sha huɗu ina dafa mata abinci amma ba ta san ni ba har ta ɗauka zan kai ta a ɗaure. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ita ta yi shiru don tsoro, ni na toshe hancina don in burge mutane da kwanon jeli. Na gaya mata ba wanda zai zo gidan, amma ni na gama aiki a nan, a nema mini bizar fita. Dogo ya yi ta ba ni baki kwana uku, ya kwashe siton kaf, ban canja ba. Ba zan iya ci gaba da buɗe kwalba a gidan ina shakka ba.

Kafin takarduna su fito labarin ya riga ni gida. A lokacin kaset muke ɗauka mu aika wa iyali, Isiyaku kuwa ya cika rabin nasa da ni. Aka kunna a tsakar gidansu mata na zaune, kafin la'asar an kai wa mahaifiyarku cewa mijinta na dafa giya a Makka. Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa tambayata ko gaskiya ne ba. Da na dawo cewa kawai ta yi in ci abinci tukuna. Na yi shekara biyu ba aikin kirki, masallacin layi ma sai da aka daɗe kafin a daina matsawa in na shigo sahu.

Amma akwai abin da na yi kafin in baro Riyad wanda ba ya cikin kaset ɗin. Saura kwana huɗu in tashi na koma Dira, na sayi ƙafafun sa wajen mahaucin da na ga yana salla, na sayi zoɓo, wanda su ke kira karkade, da tsamiya da kanumfari. Ban yarda da garin jelatin na kanti ba ma. Na dafa ƙafafun wuni guda, na kwashe kitsen, na tace romon da farin ƙwai har ya yi garau, yadda Baba ke yi kafin a san jelatin na kwali. Na haɗa da zoɓon, na jera farawla da tut a tsakiya. Da ya kama, launinsa bai bambanta da wancan ba. Na kai Al-Naseem da la'asar ranar Talata, lokacin da na san ba kowa. Alhaji Mamman ya rame cikin makonnin nan. Ya amsa sallamata, ya ga kular, ya kau da kai.

"Baba Alhaji, zoɓo ne da ƙafar sa da sukari da tsamiya. Kowanne da hannuna na saya."

Na ɗebi cokalin farko na ci a gabansa. Ya daɗe yana kallon kwanon. Can ya miƙo hannu ya karɓi cokalin, ya ci, ya tauna farawlar a hankali. Sai na ga hawaye na bin gemunsa.

"Sule, na tambayi malamai uku, duk sun ce ba ni da laifi. Ba shi ke cina ba. Abin da ke cina, na ce a ƙara mini." Ya share ido da bakin rawani. "Kuma wallahi wancan ya fi wannan daɗi."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, shi ma ya yi, muna yi muna kuka kamar yara. Ya cinye kwanon tas. Ya ce ya yafe mini, kuma da na kai matar nan wajen shurɗa da bai ƙara cin abincina ba har abada, sai dai ranar ba shi da bakin faɗa. Na ce ya faɗa wa Isiyaku haka. Ya ce zai faɗa, ban sani ba ko ya faɗa, kaset dai ya riga ya tafi. Ban sake ganinsa ba, a can ya rasu bayan shekara biyu.

Jan jelin da nake yi muku kowace Sallah ke nan, wanda kuke cewa ba wanda ya iya shi a Bukuru sai Baba. Kun sha yi mini dariya don nakan ɗebi cokalin farko in ci a gabanku kafin in ba kowa, kuna cewa tsoho ya cika kwaɗayi. Ba kwaɗayi ba ne. Wancan na inabin kuwa, wanda sunansa ya biyo ni gida ya fasa wa Habibu leɓe, har yau ban san ɗanɗanonsa ba.